Idan Jinin Mai Jego Ya Ƙi Daskarewa: Yadda Ake Ganewa da Abin da Ake Yi

Tun da na yi bayani a kan ɓallewar jini bayan haihuwa, abokan aiki daga ƙananan asibitocin Ƙaura Namoda, Tsafe da Talatar Mafara suke maimaita mini tambaya guda: an murza mahaifa ta yi tauri, mabiyiya ta fita cif, an ɗinke ƙarin da aka samu, amma jini bai tsaya ba, kuma ga shi tsararo kamar ruwan zoɓo. Me ya rage a yi? Wannan jagora amsar wannan tambaya ce. Na rubuta ta ne domin ungozomar asibiti da ma'aikaciyar lafiya da ke tsaye ita kaɗai a ɗakin haihuwa da dare, amma miji da uwar miji ma akwai rabonsu a ciki. Magungunan da zan ambata aikin ma'aikacin lafiya ne, ba na saye a kemis a gwada a gida ba.

Matar da nake magana a kanta ba da cutar aka haife ta ba. Lafiyarta ƙalau, wataƙila ta haihu biyar ba a taɓa yi mata ƙarin jini ba. Cikin nan ne, ko haihuwar nan, ya lalata ƙarfin daskarewar jininta. Iri biyu ne: wanda ke zuwa nan take a kan gadon haihuwa, da wanda ke ɓullowa a cikin kwanakin jego ko bayan arba'in.

1. Kayan da za su kasance kusa kafin a fara naƙuda

A tara su a tire ɗaya, kada ya zama ana neman makullin sito jini na zuba: allurar oksitosin da ƙwayar misofurostol masu tsuke mahaifa, allurar tiraneksamik asid mai hana gudan jini narkewa, allurar ƙarin ruwa manya guda biyu masu lamba 16 ko 18, ruwan gishiri na leda, robar fitsari, ledar auna jini mai zane-zanen awo, bargo, agogo mai nuna minti, da ƙaramar kwalbar gwaji ta gilashi, busasshiya, wadda babu komai a cikinta. Kwalbar nan ita ce mafi arha a tiren, kuma ita ake yawan mantawa.

Hattara: oksitosin yana son sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wanda ya yi makonni a kan kanta cikin zafin bazarar Zamfara ƙarfinsa ya ragu, sai ki yi allura ki ɗauka kin yi magani.

2. Ki san wadda za ki sa wa ido tun tana shigowa

Jini ba ya tsinkewa, wato ya ƙi daskarewa, haka kawai. Matan da na fi jin tsoro su ne: wadda mabiyiya ta ɓalle daga jikin mahaifa kafin haihuwa, ta zo da ciki sanƙarare kamar katako da ciwo mai tsanani, wadda ɗa ya mutu a cikinta ya daɗe, mai hawan jini ko jijjiga, musamman idan tana kukan ciwo a bakin ƙirji ko gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari, mai zazzaɓi da ruwa mai wari bayan faya ta daɗe da fashewa, mai shawara, ido ya yi ɗorawa a ƙarshen ciki, sai kuma wadda ta riga ta zubar da jini mai yawa a gida kafin a kawo ta.

Ta farkon ita ce mai yaudara. Jinin yana taruwa a bayan mabiyiya, abin da ya fito waje kaɗan ne, alhali a ciki sinadaran daskarewa sun ƙone. Irin wannan tun kafin ta haihu za ki sa mata allurar ƙarin ruwa biyu, ki ɗebi jininta, ki kira dangi a fara neman masu ba da jini.

3. A auna jinin, kada a ƙiyasta da ido

Da zarar jariri ya fito, a shimfiɗa ledar awo a ƙarƙashinta. Mililita 500 ɓallewar jini ce. Idan ya kai 300 kuma bugun zuciya ya ƙaru ko awon jini ya sauka, a fara aiki, kada a jira 500. Ido yana rage lissafi, zannuwa kuma suna shanye jini su ɓoye shi. Wannan ba ra'ayina ba ne kawai: binciken E-MOTIVE da aka fitar a 2023, wanda aka yi a asibitocin Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya nuna auna jini da ledar nan tare da yin magunguna gaba ɗaya a lokaci guda ya rage mummunan sakamako da kashi 60 cikin ɗari.

Ki riƙa duba bugun zuciya da awon jini duk minti 15. Wata dabara mai sauƙi: idan lambar bugun zuciya ta kusa kamo lambar sama ta awon jini, ko ta wuce ta, misali bugu 110 awon sama 100, matar tana cikin haɗari ko da tana hira da ke.

Hattara: yawancin matanmu da ƙarancin jini suke shiga naƙuda. Abin da mai cikakken jini za ta jure, mai PCV (awon yawan jajayen ƙwayoyin jini) 24 ba za ta jure ba.

4. Minti goma sha biyar na farko: komai a tare

Ki ɗaga murya ki nemi taimako. Ɗaya na murza mahaifa, ɗaya na sa ruwa, ɗaya na haɗa allura. Oksitosin yunit 10, sannan yunit 20 a cikin lita ɗaya ta ruwa yana tafiya. Idan babu oksitosin ko ba ki amince da shi ba, misofurostol maikirogiram 800 a ƙarƙashin harshe. A sa robar fitsari, domin cikakkiyar mafitsara tana hana mahaifa tsukewa. A duba mabiyiya ko wani yanki ya saura, a haska fitila a duba bakin mahaifa da farji ko akwai yagewa.

Tiraneksamik asid giram 1 ta jijiya, a hankali, cikin minti goma. Yawanci ƙananan kwalabe biyu ne masu miligiram 500. Idan jini bai tsaya ba bayan minti 30, ko ya dawo cikin awa 24, a ƙara giram 1. Amfaninsa a cikin awa uku na farko bayan haihuwa yake, kuma gwargwadon saurin yinsa gwargwadon amfaninsa. Ni ba na ajiye shi sai “komai ya gagara”. Kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin ledar jini ɗaya ba.

Hattara: kada a yi wa mai hawan jini ko jijjiga allurar agometirin, wata allurar tsuke mahaifa. Kada kuma a ajiye tiraneksamik kusa da allurar kashe baya ta tiyata, kwalabensu suna kama da juna, kuma idan aka yi kuskuren sa shi a ƙashin baya yana kisa.

5. Gwajin kwalba: minti bakwai

Nan ne zan daɗe, domin nan ake rasa mata.

Alamomin ido tukuna. Ki dubi jinin da ke cikin leda ko a ƙasa: jinin lafiya yana yin guda-guda kamar hanta. Wanda ya tsinke yana nan a ruwa, ko ya yi ɗan guda mai laushi da ke narkewa. Ki dubi inda aka soka allura, yana tsattsafowa? Inda aka yi ɗinki, kowane hujin allura na fitar da jini? Dasashi fa? Fitsarin da ke cikin leda ya yi ja? Inda aka ɗaura abin awon jini a dantse ya yi tabo shuɗi-shuɗi ko ɗigo-ɗigon ja? Alama ɗaya daga cikin waɗannan ta isa ki ɗauko kwalba.

Ga yadda ake yi. Ki ɗebi mililita 2 na jini daga jijiya, a hannun da ba a sa wa ruwa ba. Ki zuba a kwalbar gilashi mai tsabta, busasshiya. Ki dubi agogo, ki rubuta lokacin a bayan hannunki in ya kama. Ki damƙe kwalbar a tafin hannu domin ta riƙe ɗumin jiki. Bayan minti huɗu ki karkata ta a hankali ki ga ko guda ya fara. Daga nan ki riƙa karkatawa duk bayan minti ɗaya har jinin ya kama, a iya kifa kwalbar bai zube ba. Idan minti bakwai suka cika bai daskare ba, ko ya yi guda mai laushi da ke wargajewa da an taɓa, jinin matar nan ya tsinke.

Kurakuran da nake gani: amfani da kwalbar roba, wadda jini ke jinkirin kamawa a cikinta, amfani da kwalba mai murfi shuɗi ko ruwan hoda-shunayya, wadda da ma an sa mata maganin hana daskarewa, girgiza kwalbar, barin sauran sabulu ko ruwa a ciki, ɗiban jini a saman inda ruwa ke shiga. Sai kuma babban kuskure, yin gwajin sau ɗaya a ce lafiya lau. Matar da jininta ya kama ƙarfe biyu na iya tsinkewa ƙarfe uku. Muddin jini na zuba, a maimaita duk rabin awa.

Inda akwai ɗakin gwaji, a tura jini a lokaci guda: PCV, rukunin jini da haɗa shi da na mai bayarwa, ƙidayar filetilet (ƙwayoyin jini masu toshe rauni), PT da APTT (gwaje-gwajen tsawon lokacin daskarewar jini), da fibirinojin (sinadarin da ke haɗa gudan jini) idan suna yi. Mai ciki a ƙarshen wata tara fibirinojin ɗinta yakan kai giram 4 zuwa 6 a lita. Saboda haka idan sakamako ya nuna 2 ko ƙasa, kada lambar “daidai” da ke jikin takarda ta ruɗe ki, ta mutanen da ba su da ciki ce. Filetilet kuma ana son ya zauna sama da dubu 50 muddin tana zubar da jini. Amma ba a tsayar da magani a jira takarda.

6. Ruwa ba jini ba ne

Ƙarin ruwa yana tayar da awon jini na ɗan lokaci, hankalin kowa ya kwanta. Sai dai kowace leda tana ƙara tsarma ɗan abin da ya saura na sinadaran daskarewa. Na taɓa karɓar wata baiwar Allah da aka ɗura mata leda shida kafin a turo ta. Jinin da ke fita daga jikinta har ana hango safar hannu ta cikinsa. Waɗanda suka turo ta ba mugunta suka yi ba, abin da ke hannunsu ke nan. Ƙa'idata: idan lita biyu ta shiga jini bai tsaya ba, abin da take buƙata jini ne, kuma ya kamata a ce tuni an fara nemansa ko an kama hanya.

A lulluɓe ta. A cire jiƙaƙƙun zannuwa, a kashe fanka, a ɗumama ledar ruwa ko da a jikin mutum ne. Jiki mai sanyi jininsa ba ya kamawa, kuma a daren hunturu wannan ba ƙaramin abu ba ne. A sa mata iskar oksijin idan akwai.

Hattara: daga lokacin da gwajin kwalba ya nuna matsala, babu allurar ɗuwawu ko ta cinya, domin jini zai taru a cikin tsoka. Mai jijjiga a ba ta maganiziyam ta jijiya. Babu asfirin, babu dikilofenak, babu ibufurofen. Mai ba da maganin barci a tiyata shi ma a faɗa masa, domin ba a yi wa mai tsinkakken jini allurar kashe baya.

7. Mayar da abin da ya ƙare

Wannan aikin asibitin da ke da bankin jini ne. Inda ake rarraba jini kashi-kashi, likita zai ba da jajayen ƙwayoyi tare da daskararren filasma (ruwan jini mai ɗauke da sinadaran daskarewa), mililita 12 zuwa 15 a kowane kilo na nauyinta, wato kamar leda huɗu ga mace matsakaiciya, sai filetilet da sinadarin fibirinojin gwargwadon sakamako. A yawancin asibitocinmu abin da ake samu cikakken jini ne. To a nan a nemi sabo, wanda aka ɗiba yau. Jinin da ya yi makonni a firji zai ɗaga PCV, amma filetilet ɗinsa sun daina aiki, wasu sinadaran daskarewar kuma sun ragu.

Idan leda ta yi yawa, likita ya tuna da kalsiyam. Maganin da ke hana jini daskarewa a cikin leda yana kame kalsiyam ɗin jiki, jini kuma ba ya kamawa sai da shi. Kalsiyam gulukonet ɗin da muke ajiyewa saboda masu jijjiga shi ne dai.

Sabon jini ba ya nufin jinin da ba a tantance ba. Ko ɗan'uwanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, sai an duba HIV, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere, an kuma haɗa rukuni.

Duk wannan toshe ɓaraka ne idan ba a kawar da tushen ba. Idan ɗa ko mabiyiya na ciki a fitar, idan ƙwayoyin cuta ne a fara maganinsu ta jijiya, idan mahaifa ta ƙi tsukewa a sa balan-balan a cikinta ya danne jinin ko a shiga tiyata. Wani lokaci cire mahaifar ne zai bar ta da rai, kuma jinkirin yanke wannan shawara ya fi yanke ta ciwo.

8. Magana da dangi, da abin da kuɗi zai tafi a kai

Na fi son in kira mijin gefe tun da wuri, in ce: “Malam, jininta ya tsinke, ba ya daskarewa. Muna buƙatar maza lafiyayyu aƙalla huɗu yanzu, ba gobe ba. Ka kira 'yan'uwanka da abokan sallarka.” Idan uwar miji ta ce ai jinin biƙi ne, gara ya fita, sai in nuna mata kwalbar: “Inna, dubi nan. Minti goma ke nan, har yanzu ruwa ne. Kin taɓa ganin an yanka rago jininsa ya yi haka?” Ban taɓa nuna wa tsohuwa kwalbar nan ta ƙara musu ba.

Mai tsoron ba da jini a faɗa masa gaskiya: abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki na mayar da shi, kuma ba ya taɓa ƙarfin namiji.

Kuɗi zai tafi ne a kan mai na mota, ledar jini da tantancewa, gwaje-gwaje, magunguna, da tiyata idan ta kama. Jini da mota su ne masu nauyi. Idan abin hannu kaɗan ne, nan za a fara sa shi. Gidan da ke da mai ciki ya ware wannan kuɗi tun wata bakwai, kafin na rago da na atamfar suna.

9. Turawa gaba

Ƙaramin asibiti ba wurin riƙe mai tsinkakken jini ba ne. A yi matakai na huɗu zuwa shida, a kira asibitin da za a je kafin mota ta tashi, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ko babban asibitin da ya fi kusa mai jini da tiyata. A ɗaura mata rigar matse jiki ta hana sumewa idan akwai, daga idon sawu zuwa ciki, kuma kada kowa ya kwance ta a hanya. Ma'aikaciya ta shiga motar, ruwa na tafiya, hannu na kan mahaifa. Idan jini ya ƙaru ta danna dunƙulen hannu a saman cibiya kaɗan, ɗan hagu, ta matse babbar jijiya. Masu ba da jini su bi motar, kada a bar su a ƙauye.

Takarda ta nuna lokacin haihuwa, jinin da aka auna, kowane magani da lokacinsa, ledar ruwa nawa, da sakamakon kwalba.

Kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki da dare. Shi ya sa matan da na lissafa a mataki na biyu ake tura su da rana tsaka tun ba su fara zubar da jini ba.

10. Wanda ke zuwa daga baya

Wannan ba shi da yawa, ma'aikaci na iya gama aikinsa bai ga ko ɗaya ba, amma wanda bai san shi ba ba zai gane shi ba ko ya gani. Jikin matar ne ke ƙera garkuwa da ke kashe sinadarin daskarewa na takwas. Likitoci na kiransa hemofiliyar da aka samu daga baya. Ya fi zuwa bayan haihuwar fari, yawanci daga wata ɗaya zuwa huɗu bayan haihuwa, wani lokaci tun a kwanakin farko, wani lokaci har kusan shekara.

Yadda take zuwa: jinin biƙi ya ƙi ɗaukewa ko ya dawo ja wur, manyan tabo baƙi-baƙi a cinya, dantse ko ciki ba tare da ta bugu ba, kumburi mai zafi a tsoka, fitsarin jini, wurin ɗinki ko tiyata da ya ƙi daina tsattsafa. A gida za a ce shafar iska ce ko maita, wani ma ya zargi mijin. A asibiti kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a ce sauran mabiyiya ce, a yi wankin ciki, jini ya ƙaru, a sake wani.

Kafin a sake taɓa ta da ƙarfe, a yi gwaji uku: filetilet, PT, APTT. Idan biyun farko daidai suke, APTT ne kaɗai ya yi tsawo, kuma ba a ba ta hefarin (maganin hana jini daskarewa) ba, a tsaya cak a nemi likitan jini. Shi zai sa a gauraya filasmarta da na mai lafiya rabi da rabi, a ajiye awa biyu a ɗumin digiri 37. Idan APTT bai gyaru ba, akwai abin da ke kashe sinadarin, sai a auna sinadari na takwas da ƙarfin garkuwar. Irin wannan aiki na asibitin koyarwa ne, kamar na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ko na Shika a Zariya.

Hattara wajen ɗiban jinin: kwalba mai shuɗin murfi, a cika ta daidai layi, ta isa ɗakin gwaji cikin awa huɗu. Gara matar ta je da kanta a ɗiba a can da a aika kwalba a motar haya ta wuni a rana. Bayan an zare allura a danne wurin minti goma.

Magani kashi biyu ne. Tsayar da jini: filasma ba ya yin wani abin kirki a nan, domin garkuwar na cinye abin da aka zuba. Ana amfani da magunguna masu kewaye sinadari na takwas, kamar NovoSeven ko FEIBA, masu tsada ƙwarai da wuyar samu, tare da tiraneksamik da ƙarin jini gwargwadon hali. Sai kashe garkuwar: firedinisolon miligiram 1 a kowane kilo kullum na wasu makonni, wanda shi yana da arha kuma ana shayarwa a kansa. Idan bai wadatar ba likita na iya ƙara ritukzimab. Saikulofosfamaid ba a shayarwa a kansa. Kada ta yanke firedinisolon da kanta don tabo sun ɓace. A hankali ake rage shi, ana duba sukari da awon jini. Mafi yawan matan suna warkewa.

Abin da dangi za su kiyaye har likita ya sallame ta: babu ƙaho, babu sakiya a kan kumburi, babu tsaga, babu cire haƙori, babu allurar kemis, babu matsa jiki da ƙarfi wajen wankan jego. Idan garkuwar ta fara tun tana da ciki tana iya ratsawa zuwa jariri, don haka a dakatar da wanzami daga cire beli ko kaciya har a duba jinin yaron. Ciwon kai mai tsanani, kumburin wuya ko harshe, baƙin kashi, ko ciwon ciki da jiri, a kawo ta a daren.

11. Bayan jini ya tsaya

Wadda ta tsira daga tsinkewar jini a ci gaba da auna fitsarinta. Ƙasa da mililita 30 a awa alama ce ƙoda ta taɓu. A sake PCV, a ba ta maganin ƙarin jini na wata uku. Idan nono ya ƙi zuwa sam, ga kasala, daga baya al'ada ta ƙi dawowa, a mayar da ita wurin likita, domin zubar jini mai yawa na iya lalata wata ƙaramar halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa mai sarrafa waɗannan abubuwa. A yi mata maganar tazarar haihuwa tare da mijinta kafin sallama. A rubuta mata a kati, da manyan baƙaƙe, abin da ya same ta, ledar jini nawa aka ƙara mata da rukunin jininta, a ce ta nuna shi ranar awon farko na ciki na gaba, kuma haihuwar ta kasance a asibitin da ke da bankin jini.